Ranar da Aka Tambaye Mu Hanyar Ruwa

Sun sake kafa turakun siminti na yankan fegi a kwarin da ke bayan unguwarmu. Ran nan da hantsi na fita biɗar akuyata da ta tsinke igiya, sai na yi tuntuɓe da guda, ɗan gajere, an shafa masa lamba da jan fenti. Na ɗaga kai na ga ƴan'uwansa a jere, layi bayan layi, har inda idona ya gaza. Akuyar ban ƙara bi ta kanta ba. Nan na zauna a ƙasa, tsohuwa da ni, ina haki, har wani mai amalanke ya tsaya yana tambaya ko a kai ni likita. Yaran yanzu filin ƙwallo suke ce wa wurin. Ba su san an taɓa yin unguwa a cikinsa ba, da ɗakuna da turame da zakaru masu cara, balle su san cewa da bakina aka yi ta.

Ni ba ƴar Tawa ba ce, zuwa na yi. Ƙauyenmu can arewa yake, gaba da Takanamat, inda dutse ya fi ƙasa yawa. A can, sa'ad da nake amarya, ba a san takardar fegi ba, ba a san hatimi ba. In mutum zai yi gida, tsoho ake kira ya taka wurin da ƙafarsa, kuma a duk yankinmu ba wanda ake kira kamar surukina, uban mijina. Baba muke ce masa. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Zai cire takalmi ya yi ta zagaye, ya tona nan da sandarsa, ya murza ƙasa a tafin hannu, ya dubi itatuwa. In ya ga bagaruwa ta yi yawa sai ya ce a matsa sama, wai ita ba ta zama sai inda ruwa ke kwana. In ya tono duwatsu masu santsi, mulmulallu, sai ya ce ba hannun mutum ya mulmula su ba, abin da ya kawo su zai sake biyowa. In ya ga suri tsaye da tsayinsa, ko tsohon kabari, to nan yake cewa a kafa. Shi ya sa gidajenmu duk bisa tudu suke, rijiya kuwa can ƙasa cikin kwari. Mu mata mu muka sha wahalar wannan hikima. Sau nawa na hau tudun nan da tulu a ka da goyo a baya, ina zagin wanda ya zaɓi wurin a cikin raina. Yanzu kuwa jikokina in suna son sanin wuri sai su shafa waya su ce ga shi nan, ko ƙafarsu ba ta taɓa taka shi ba.

Da rani, in wasu sun miƙe a inuwa, Baba dutse yake jerawa. Duk kwazazzabon da ya sauko daga tudu sai ya gitta masa jeri, manya a ƙasa, ƙanana a tsakani, jeri bayan jeri har gindin gona. Tun daga madafa nake jin ƙarar dutse na haɗuwa da ɗan'uwansa. Yakan ce ba tsare ruwa yake yi ba, ba mai iya tsare shi, gajiyar da shi yake yi don ya iso ƙasa yana tafiya maimakon gudu. Muryar ƙorama kuwa tun muna yara muka san ta. Ana iya yin ruwa can nesa bisa duwatsu, mu ko ɗigo ba mu gani ba, rana tana dukan mu, sai a ji wani gurnani daga arewa, ƙasa-ƙasa, a tafin ƙafa ake fara jin sa kafin kunne. Da an ji, mai wanki ta bar wankinta, makiyayi ya kora bisashensa, kowa ya hau sama.

Tsakanina da Baba kunya ce irin ta da. Ban taɓa kama sunansa ba, yau ma ba zan kama ba. In na kawo masa fura sai in durƙusa daga nesa in tura ƙwaryar. In yana da magana da ni, ɗaya daga cikin ɗiyana zai kira, ko da ina tsaye a wurin: "Ce ma uwarki gishiri ya yi yawa." Ni ma in mayar ta bakin yarinyar. Matan jikokina yanzu kujera guda suke zama da surukansu suna kallon talabijin, ni dai sai in kau da kai.

Sai fari ya zo, ba irin wanda ake yi shekara guda a warke ba. Hadari ya taso, mu fito mu shuka, iska ta kwashe shi. Mu sake shuka, hatsi ya fito tsawon yatsa ya ƙone. Irin da aka ɓoye a tulu aka cinye. Shanu suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, fatarsu ma ba mai saye. Mijina ya bi sauran maza biɗa can ƙasashen kurmi, ya ce zai aiko, shekara ta zagayo ko wasiƙa babu. Muka koma ga anza, ƴaƴan wani icen daji masu ɗaci: a tsinko, a fasa, a jiƙa, a zubar da ruwan ɗacin, a sake jiƙawa, ga shi ruwan jiƙon ma sai an yini a bakin rijiya. Abin da ban manta ba shi ne shirun. Garin da lugude ke tashin sa, aka wayi gari ba turmi guda da ke magana. Ɗana namiji, shi kaɗai gare ni, gudawa ta ɗauke shi cikin kwana uku. Uwar mijina ta bi shi. Ran da guga ya fito daga rijiya da yashi tsantsa, Baba ya ce wa babbar ɗiyata, "Ce ma uwarki ta ɗaure kaya." Muka kamo hanyar Tawa a ƙasa, ni da shi da ɗiyana mata uku. Ƙaramar, Auta, tana bayana, shekararta uku amma ba ta iya tsayuwa, ƙafafunta suna reto a kwankwasona kamar sillen kara.

A gefen gari muka sauka cikin tulin mutane irinmu: Adarawa, Fulani da ba su da ko maraƙi, Buzaye da suka shigo da akala a hannu ba raƙumi. Kowa ya haɗa bukkarsa da kwali da tsumma. Soja ke mulki lokacin, su ke tsare layin rabon jar dawa, in an yi turereniya dorina ta raba. Rabon ba ya kai mako. Na yi daka a gidajen ma'aikata ana sallama ta da dussa, har aka gano sana'ar dutse. Gari yana ta gini duk da yunwar, magina suna son dutsen tushe, bisa tudun da ke kallon kwarin nan kuwa akwai tsofaffin jeri, irin na Baba sak, waɗanda manoman da suka shuɗe suka gitta wa kwazazzabai. Dutse a tare, ba sai an haƙa ba. Muka faɗa musu, mu mata, da gammo da kwando. Ladan yini guda na ɗaukar dutse, ƙwaryar hatsi da za ta riƙe yara kwana biyu. Cikin rani guda muka share tudun nan tas. Baba yana zaune bakin bukka yana ganin muna wucewa da su. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce wa ta tsakiya, "Ce ma uwarki waɗanda sunka jera duwatsun ga ba wasa sunka yi ba." Na ce, "Ce ma kakanki da su na samo abin da za ku ci yau." Furar da aka dama da hatsin ya sha, don ba wata.

Da bazara ta gabato sai mai shela ya bi bukkoki, da sojoji biyu a bayansa. Kafin ruwan farko za a kawo kamiyo, manyan motocin kaya, a mai da kowa garinsa ya je ya yi noma. Waɗanda za su tsaya su ne kawai waɗanda aka yanka wa fegi, wurin da ake shawarar yankawa kuwa shi ne kwarin, don tudun gari duk yana da masu shi. Sai dai mai awon ƙasa bai sa hannu ba tukuna. In ya yarda da wurin, mata masu ƙananan yara za a fara rubutawa. In bai yarda ba, kowa ya hau mota. Ni na san abin da ke jira na a ƙauye: rijiya mai yashi, rumbu ba ko tsaba, da kaburbura biyu. Auta lokacin ta fara shan kunun da ake rabawa a likita, har ta fara zama da kanta. In aka ɗora ta a motar nan, na sani sarai, binne ta zan je in yi.

Mai awon saurayi ne, daga gabas aka turo shi, Hausarsa irin ta Damagaram. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron kirki ne. Yana da wata babbar takarda da aka zana daga hoton jirgin sama, ba ta nuna ruwa a kwarin ba, amma ya ce hoton cikin fari aka ɗauke shi, bai amince da shi ba. Ya tambayi dattawan gari, suka ce tun tasowarsu ruwan wurin bai taɓa wuce idon sawu ba. Gaskiya suka faɗa, don tun tasowarsu jerin duwatsun nan suna bisa tudu, su kuwa ba su hau sun ga abin da muka yi ba. Hankalinsa dai bai kwanta ba. Sai wani ya ce masa ai cikin baƙin nan akwai tsohon da ya san ƙasa. Ya aiko cewa gobe da hantsi zai zo ya ji ta bakin Baba.

Baba bai jira ba. Bayan azahar ya ɗauki sandarsa ya gangara, na bi shi daga nesa kamar mai biɗar itace. Na ga ya cire takalmi. Itatuwan wurin duk an sare an yi girki da su, amma ya durƙusa gun wani kututture ya ɓamɓare ɓawon ya sansana, ya matsa ga wani, ya matsa ga wani. Ya tona da sanda ya fito da duwatsun nan mulmulallu, wasu sun kai dunƙulen hannu. Ya daɗe yana duban tudun da muka tsiraita. Da ya komo ya zauna, sai ya kira babbar. "Ce ma uwarki wurin ga hanyar ruwa ce, duk bagaruwa ce anka sare. Da can an gajiyar da shi, yanzu ba abin da za ya tare shi."

Ban bar yarinyar ta buɗe baki ba. Na kwance Auta daga bayana, na tako har gabansa, na ɗora masa ita a cinya, na zauna a tabarmarsa na dube shi cikin ido. Shekara goma sha biyu ina gidansa, sai ranar na san idonsa na hagu yana da hakiya.

"Baba," na ce, "gobe ka ce babu."

Ya kau da kai, kunya ta kama shi, shi da ba shi ya yi rashin kunyar ba. Ya juya ga babbar. "Ce ma uwarki..."

"Ba ta ce mini komi, ga ni gabanka. Taɓa haƙarƙarinta ka ji. Ruwan da kake faɗi, yau shekara nawa rabonmu da shi? Wa ya san ko za ya sake zuwa? Mota kuwa tana tahe, wannan kowa ya sani."

"Shina zuwa, ɗiyata," ya ce. Karon farko ke nan da ya yi magana da ni kai tsaye. "Ko ba bana ba, ko ba baɗi ba. Kuma ba ku kaɗai za a zuba wurin ga ba. Ni tun da nike ban taɓa ce ma mutum shi kwana inda na san ruwa ka bi ba."

"Ɗanka ya tahi ya bar mu. Jikanka namiji daga cinyata anka ɗauke shi anka kai rami. In ka buɗe baki gobe anka ɗora mu mota, wagga ma kai za ka haƙa ma ramin."

Mugun baki gare ni tun ina yarinya, amma ban taɓa faɗin magana mai muni kamar wannan ba. Auta ta kama gemunsa tana wasa da shi. Ya miƙo mini ita, ya tashi ya yi alwala.

Da hantsi mai awo ya zo da takardarsa a naɗe, da mai unguwa, da soja guda. Mata suka kewaye, kowa da goyonta. Maganar ta riga ta zagaya, duk sun san abin da Baba ya gano. Saurayin ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, an ce ka san ƙasa. Kwarin can, ruwa yana bi?"

Baba yana duban yatsun ƙafarsa. "Ba ya bi."

"Ka duba da kyau, Baba. Mutane za a zuba a ciki, da yara. In akwai shakka ko kaɗan ka faɗa mini in nemi wani wuri, ko da zai ɗauke ni shekara."

Na ji matar da ke kusa da ni ta ja numfashi da aka ce shekara. Baba ya ɗago. Ba ni ya duba ba, Auta ya duba.

"Na taka shi jiya. Ruwa ba ya bi nan."

Aka shafa masa tawada a babban yatsa ya dangwala. Mata suka rangaɗa guɗa, ni ce kan gaba. Ranar Baba bai taɓa furarsa ba, ya yini yana goga yatsan a ƙasa.

Ƙarya zan yi in na ce ban ji daɗi ba. Fegina ya faɗo can tsakiya inda laka ta fi kyau, muka haƙa nan cikinsa muka buga tubali, ni da ɗiyana. Ran da na fara rufe ƙyaure na kaina sai da na yi kuka. Kamiyo suka zo suka kwashe waɗanda ba su samu ba, wasunsu ba a sake jin labarinsu ba, kuma duk sa'ad da zuciyata ta tsunkule ni sai in tuna da su in ce ai na yi daidai. Damuna biyu, uku suka wuce da ɗan yayyafi, ruwan kwarin bai wuce idon sawu ba, yara na wasa a ciki. Unguwa ta cika da baƙi: malaman lakwal, wato makarantar boko, wani mai ɗinki daga Maraɗi, mutanen da ba su san komi ba sai hatimin da ke kan takardarsu. Mu da muka sani muka yi gum. Mijina ya komo da rediyo da akwatin ƙarfe, ya ga gida da katanga, ya ce lalle ya auri mace. Auta ta yi kumatu, ta shiga lakwal, tana dawo mana da waƙoƙin Faransanci tana dariyar yadda muke maimaitawa.

Baba kuwa kullum da safe sai ya hau tudu, shi kaɗai da tsufansa, yana tsinto duwatsu yana mai da jeri. Abin da ya jera a mako, masu amalanke su kwashe a yini. Aka ce tsufa ya taɓa masa kai. Ɗansa ya hana shi, ya ƙi. Ni na daina ɗaukar dutse, iyakar tubana ke nan. Da fari nakan tara ɗiyana in ce in kun ji gurnani daga arewa ku yar da komi ku hau tudu. Daga baya na rage faɗi, daga baya na daina. Ciki ya ƙoshi sai na manta, kuma mantuwar nan ta fi ƙaryar ci mini rai.

Shekarar da damuna ta komo da ƙarfinta, mijina ya tafi ƙauye shuka, babbar tana ɗakin mijinta. Ranar Lahadi ce, ranar kasuwa. Auta ta tashi da masassara, na ba ta jiƙo na shimfiɗa mata a ƙuryar ɗaki. Ta ce, "Inna, awakin maƙwabta suna shigowa suna taka ni." Ƙyauren ba shi da sakata, sai na rufe shi daga waje, na gangaro turmi na tokare. Na ce ta yi barci, kafin azahar zan komo, zan sayo mata rake. Na ga baƙin hadari can arewa, na gan shi da idona, amma bisa kanmu rana ce tas. Na ɗauki kwanon zogalena, ta tsakiya ta ɗauki ƙuli, muka tafi.

Ina auna wa wata mata zogale na ji shi a tafin ƙafata. Duk kasuwar nan da hayaniyarta ba wanda ya ji, ni na ji. Na yar da ludayi na zura da gudu, ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ba. Kafin in kai bakin tudu ya riga ni. Wani jan abu ne mai kauri, da itace da awaki da rufin ɗakuna a kansa, ya cika kwarin baki da baki yana ruri. Katangun laka suna zama ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara ma, sai dai ka ga babu. Ina hango ɗakina, ruwa ya kai rabin ƙyaure. Na faɗa ciki, maza suka fizgo ni, na ciji guda, suka danne ni a ƙasa. Na yi ta kiran sunanta har murya ta ƙare. Ina kallo rufin ya sunkuya ya shige.

Sai washegari ruwa ya janye aka tona. Turmin yana nan inda na ajiye shi, laka ta riƙe shi. Auta ba a kan shimfiɗa aka same ta ba, a bayan ƙyaure take. Ta ji gurnanin, ta tuna abin da na koya mata, ta tashi za ta hau tudu. Ba gidana kaɗai aka yi zaman makoki ba. Mai ɗinkin nan ya rasa matarsa da jaririnta, shi da bai san komi ba, kuma sai da ya tako ya yi mini ta'aziyya.

Baba yana bisa tudu lokacin. Ya ga ruwan ya tsallake ƴan jerinsa, ya gangaro da gudu yana kururuwa, ya faɗi ya karye a ƙugu. Rana ta uku mai awo ya zo lakwal inda aka tsugunar da mu. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya a kan Baba ya ce, "Baba, sau biyu na tambaye ka." Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga hannu. "Ni na taka, ni na gani, ni na ce babu. Ba wanda ya sa ni. Rubuta hakanan." Haka aka rubuta, haka gari ya ɗauka, aka ce ga tsohon da ya kashe mutane. Ya yi watanni a kwance ina jinyarsa. Ya koma yi mini magana ta bakin ɗiyata kamar da, bai taɓa ta da zancen ranar nan ba. Ya rasu bai faɗa wa ɗansa ba. Ɗan nasa ma ya rasu yana jin haushin ubansa, ina kallo ban gyara ba.

Aka hana gini a kwarin, aka ba mu wuri nan bisa. Amma waɗanda suka gani sun ƙare, takardun ofis an ce gara ta ci, shekarun nan ruwa ya yi ƙaranci, ga mutane sun sake kwararowa daga arewa, wannan karon ba fari kaɗai ya koro su ba, har da rashin kwanciyar hankali. Suna nan jikin katangar lakwal cikin rumfunan leda, an ce kafin a koma karatu sai sun tashi. Su aka kafa wa turakun. An kuma ce mai awon yanzu, wata mace, ba za ta rufe takarda ba sai ta ji bakin wanda ya fi kowa daɗewa a unguwa. Duk an mutu an bar ni.

Shekaranjiya da la'asar wata yarinya daga cikinsu ta yi sallama. Ba ta kai jikata shekaru ba. Ta durƙusa, ta kwance goyonta ta ɗora mini a cinya, ban san wa ya koya mata ba. "Iya, an ce ke za a tambaya. Don Allah ki ce babu." Yaron ba nauyi ko kaɗan. Na riƙe shi, sannan na miƙa mata abinta.

Jiya da hantsi mai awo ta zo. Mace ce, da malafa a ka da wani abin leƙe mai ƙafa uku. Matan suna bayanta da goyo. Ta gaishe ni ta ce, "Iya, kwarin can, ruwa yana bi?" Na ce ta biyo ni. Na cire takalmi, na gangara da sandata har tsakiya inda fegina yake, na tona na sa mata mulmulallen dutse a hannu. Na faɗa mata inda ruwa ya kai, da waɗanda ya tafi da su, da zancen turmin. Na ce kuma tsohon nan da aka zaga ba shi ya so ba, ni na sa shi, ta rubuta hakanan. Ta rubuta. Ta ce za a cire turakun a nemi wani wuri, sai dai abin zai ɗau lokaci, wataƙila shekara.

Ba wadda ta zage ni, da ma sun zaga. Suka juya ɗaya-ɗaya. Yarinyar nan ta tsaya.

"Iya, na ji. To mu yanzu ina za mu kwana?"

Na ce ta kawo tabarmarta ɗakina, ita da yaron. Ta waiwaya ta dubi sauran matan. Suna da yawa, ɗakina kuwa guda ne. Ta ce ta gode. Ta gyara goyonta ta bi su, ni ina tsaye ba takalmi a kan ɗakin Auta, ina kallon ƙafafun yaron suna reto a kwankwasonta.